Jawabi Kan Ciwon Taɓin Hankali Da Neman Maganin Da Ya Fi Na Da



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamanmu, dattawan unguwa, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da matasanmu, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da wannan lokaci da aka ba mu.

Mu dai 'yan kasuwa ne, kowa a nan ya san rumfarmu. Abin da za mu faɗa mun tattaro shi ne daga bakin likitoci da kuma abin da masana suka rubuta, don haka kada wani ya tashi daga nan ya canza wa ɗansa magani ya ce mu muka ce. Maganarmu a yau kan wani ciwo ne da kusan kowane layi na unguwar nan akwai gidan da ya taɓa, amma ba a son ambatonsa sai a raɗa. Likitoci suna kiransa sikizofireniya. Mu kuwa mukan haɗa shi da sauran cututtuka mu ce taɓin hankali, wanda ba shi da tausayi ya ce hauka.

Ga yadda yake zuwa. Yaro yana tashe, shekara sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai, mace kuma ta ɗan fi haka jinkiri, sai a ga ya fara janye jiki daga mutane. Ya daina fita kasuwa, wanka ma sai an yi da gaske. Can sai ya ce yana jin muryoyi suna zaginsa ko suna ba shi umarni, alhali ba kowa a ɗakin. Ko ya dage cewa maƙwabci ya sa masa guba a shayi, ko rediyo da shi take magana. Wannan muryar, jama'a, shi a wurinsa gaskiya ce, yana jin ta kamar yadda kuke jin mu yanzu, shi ya sa musu da shi ko duka ba sa kore ta. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika lura da shi ba, wato lissafi ya ruɗe masa. Yaron da da yake riƙe da cinikin buhu hamsin a ka, yanzu canjin naira ɗari biyar ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum kusan miliyan 24 ne ke da wannan ciwo, wato ɗaya cikin kowane mutum 300. To ku ƙiyasta yawan mutanen unguwarmu da kanku, ku ga nawa ne rabonmu.

Abin ya fi tsanani a gare mu mazauna kurmi. A gida, in mutum ya fita yana surutai, an san ɗan gidan wane ne, wani zai kamo hannunsa ya maido shi. A nan kuwa yaro ya zo cirani, yana acaba ko dako ko yankan farce, ba uwa ba uba, ba ya jin yaren gari. Ranar da ciwon ya taso ya shiga wani lungu yana waige-waige, mutum ɗaya ya isa ya yi ihun ɓarawo, kuma kun san abin da kan biyo bayan wannan ihu. Abin da muka saba yi shi ne a yi karo-karo a jefa shi motar da ta sauke shanu a ce a kai shi gida. Wane gida? Sau da yawa ƙauyen da za a kai shi ya fi nan nisa da asibiti, ƙarshenta mari ne a ƙafa.

To bari mu koma kan magani, domin shi ne ainihin jawabin.

Kafin 1950 Turawa ma ba su da wani abin kirki. Suna kulle mutane a manyan gidaje, suna sumar da su da allurar ciwon suga, wasu har a huda musu kai a yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Likitan da ya ƙago wannan yankan, Egas Moniz na ƙasar Fotugal, har lambar Nobel aka ba shi a 1949. A ƙarshen 1950 ne wani kamfani a Faransa mai suna Rhône-Poulenc ya haɗa wani sinadari, wani likitan fiɗa Henri Laborit ya lura cewa yana kwantar wa majinyata hankali ba tare da ya sumar da su ba. A 1952 likitoci biyu a birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka ba masu taɓin hankali, sai ga mutanen da suka shekara suna ihu sun zauna ana hira da su. Wannan shi ne Largactil, wanda har gobe ana rubuta shi a asibitocinmu. A 1958 Paul Janssen na Beljiyam ya fito da haloferidol, wanda ake sayarwa da sunan Haldol. A Amurka kaɗai, a 1955 akwai mutum sama da 550,000 a kulle a gidajen mahaukata na gwamnati, daga nan adadin ya yi ta sauka.

Abin mamaki, an yi shekaru ana ba da maganin ba a san yadda yake aiki ba. Sai a 1963 Arvid Carlsson na Suwidin da abokin aikinsa suka nuna hanya. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo tsakanin jijiyoyinta da wasu sinadarai, ɗaya daga ciki sunansa dofamin. A wannan ciwo saƙon dofamin yana yin yawa a wani sashe, sai abin da ba komai ba ya zama babban al'amari a wurin mutum, tarin maƙwabci ya zama ishara. Maganin yana zuwa ne ya toshe ƙofar da saƙon ke shiga.

Matsalar ita ce dofamin ba hanya ɗaya yake bi ba. Ku ɗauka an ce ɓarayi suna bin wata hanya, sai hukuma ta kafa shinge a kan dukkan hanyoyin da ke shiga gari. Ɓarawo ya tsaya, gaskiya ne, amma motar goro ma ta tsaya, ta tumatir ta ruɓe a layi. Dofamin ɗin nan shi ke saita motsin jiki, shi ke sa mutum ya ji daɗin abu ya yi marmarinsa. Shi ya sa kuke ganin wanda ke shan tsohon maganin yana tafiya a ƙage kamar an ɗaure shi, hannu na rawa, miyau na dalala, ko ya kasa zama wuri ɗaya. Wani wuyansa ya karkace, idanu su kafe sama, sai dangi su ce aljanu sun dawo, alhali aikin magani ne kuma likita yana da abin da zai warware shi. Bayan shekaru wasu bakinsu da harshensu kan riƙa motsi da kansu, wannan kuwa yana da wuyar tafiya. Mace al'adarta ta tsaya, nono ya kawo ruwa ba ta da goyo. Namiji kuma, a gafarce mu, ya rasa kuzarinsa wajen iyali. Idan kuka ga majinyaci yana ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin tabarma, ku tambaye shi abin da take yi masa kafin ku yi masa faɗa.

A nan bari mu ɗan ratse. Ƙwayar da likita ke haɗawa don sassauta wannan ƙagewa, Artane ko Exol, ita ce wasu yaranmu suka mayar abin maye. Duk gidan da ake ajiye ta saboda majinyaci, a sa ta a akwati a kulle.

Ƙasar nan da muke zaune a cikinta tana da nata rabo a wannan tarihi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta. Maimakon ya kulle majinyata, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki, kowane majinyaci da ɗan uwansa guda mai kula da shi, da safe a zo asibiti, da yamma a koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, daga baya ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Masu maganin Yarbawa kuma tun da can suna ba masu taɓin hankali saiwar wani itace da suke kira asofeyeje. Ɗan uwan wannan itace na Indiya ne Turawa suka tatsi maganin risafin daga jikinsa a 1952. Wato akwai gaskiya a cikin saiwar. Amma an bar risafin ne saboda yana kayar da jini ƙasa, yana kuma jefa wasu cikin baƙin ciki mai tsanani, ga shi jiƙo a kwalba ba shi da awo.

Yanzu ga maganin da labarinsa ya fi ɗaukar hankalinmu, wato kulozafin, wanda ake sayarwa da sunan Clozaril. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu wannan ciwo, duk maganin da aka ba su muryoyin ba sa tafiya. Kulozafin an haɗa shi a Suwizalan tun ƙarshen shekarun 1950, aka ga ba ya ƙage jiki kamar sauran. Sai a 1975 a ƙasar Finlan mutum takwas suka mutu, domin maganin ya ƙarar musu da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki. Ƙasashe da yawa suka janye shi. Wasu likitoci ba su haƙura ba, saboda sun ga abin da ya yi wa majinyatan da aka fid da rai da su. A 1988 John Kane da abokansa a Amurka suka gwada shi kan irin waɗannan mutane: kashi 30 cikin ɗari suka sami sauƙi, alhali a cikin waɗanda aka ba Largactil kashi 4 ne kawai. Aka dawo da shi bisa sharaɗin a riƙa auna jini, da farko kowane mako. Har yau, bayan duk kuɗin da aka kashe, ba a sami wanda ya kai shi ba wajen mutanen da ciwonsu ya gagari sauran magunguna, kuma an tabbatar yana rage yunƙurin kashe kai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. Baƙar fata da yawa, a halittarsu, adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jininsu ya gaza na Bature, kuma lafiyarsu ƙalau. Da yake da jinin Turawa aka yanka ma'aunin, an daɗe ana hana baƙaƙe kulozafin ko a tsayar musu da shi ba gaira ba dalili, sai daga baya aka gyara ƙa'idar a wasu ƙasashe. Wanda aka ce ɗan uwansa ba zai iya shan wannan magani ba saboda jini, yana da kyau ya tambayi likita, cikin ladabi, ko an duba wannan.

Daga 1993 kamfanoni suka shiga fito da waɗanda aka kira sababbin magunguna, risferidon, sai olanzafin a 1996, da wasunsu, da alkawarin amfanin kulozafin ba tare da haɗarinsa ba. Aka tsawwala musu kuɗi. A 2005 gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon wani babban gwaji da ta biya da kuɗinta, kan mutum kusan 1,500. Kashi 74 cikin ɗari sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18, kuma wani tsohon magani mai araha ya yi kafaɗa da kafaɗa da mafi yawan sababbin. Mu 'yan kasuwa wannan bai ba mu mamaki ba, mun san sabon kwali. Ba mu ce ba su da amfani ba, domin sun rage ƙagewa da rawar jiki, kuma yanzu da kowane kamfani ke iya yin su sun yi sauƙin kuɗi. Sai dai sun zo da nasu: olanzafin yana buɗe ciki, mutum ya yi ta ƙiba, daga nan ciwon suga da kitse a jini. Duk mai shan sa a riƙa auna masa nauyi da suga. Kuma dukkansu, tsoho da sabo, ƙofar dofamin ɗin nan suke tarewa. Shekara saba'in ana canza kwaɗo a ƙofa ɗaya.

Sai ranar 26 ga Satumba 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Cobenfy, na farko da ba ya toshe ƙofar dofamin. Yana bi ne ta wani sinadarin daban, asetilkolin, ya rage saƙon tun daga tushe a sashen da abin ya yi yawa, ya ƙyale hanyar motsin jiki. Asalinsa kamfanin Eli Lilly ne ya gwada babban sinadarin da ke ciki a shekarun 1990 don tsofaffi masu ciwon mantuwa. Aka ga ya rage musu zargi da gane-gane, amma amai da gudawa da zufa suka sa aka jingine shi. Bayan shekaru wani ƙaramin kamfani, Karuna, ya yi dabara: ya haɗa shi da wani tsohon maganin mafitsara wanda ke kashe wancan aiki a ciki da hanji amma ba ya iya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa. Ɗaya ya yi aiki a sama, ɗaya ya tsare ƙasa. Kamfanin Bristol Myers Squibb ya sayi Karuna a kan dala biliyan 14 tun kafin a ba da izinin sayar da maganin. Wannan shi ake kira sari.

A gwaje-gwajen da aka yi ya rage muryoyi da zargi, kuma ba a ga ƙiba ko ƙagewa irin ta sauran ba. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su na mako biyar-biyar ne, ciwon kuwa na shekaru ne. Yana sa tashin zuciya da taurin bayan gida, yana iya riƙe fitsari, mai ciwon hanta ba ya sha. A Afrilu 2025 aka gwada ɗora shi a kan wani maganin ga waɗanda sauƙinsu bai cika ba, sakamakon bai kai abin da aka nema ba. Ga kuma farashi: dala 1,850 a wata aka sa masa da ya fito, wato sama da naira miliyan biyu a canjin 2025. Duk wata. Wa zai iya a cikinmu?

Waɗanda suka biyo sawunsa ma ba duka suka isa ba. Kamfanin AbbVie ya biya dala biliyan 8.7 ya sayi wani kamfani, babban abin da ya hango a ciki wani magani ne mai kama da wannan, a Nuwamba 2024 gwaji ya nuna bai fi ƙwayar banza ba. A Janairu 2025 wani da kamfanin Boehringer na Jamus ya yi don gyara tunani da lissafi shi ma ya faɗi. Wannan ta fi yi mana ciwo, domin magungunan da ke hannu sun fi iya kashe muryoyi, amma mutuwar zuciya da ruɗewar lissafi, waɗanda su ke hana mutum komawa rumfarsa, har yanzu ba wani magani da aka amince da shi musamman dominsu. Dalilin wahalar a fili yake. Maleriya ana ganin ƙwayarta a jini, wannan kuwa ba gwajin jinin da ke nuna shi. Ana fara gwada magani a kan ɓera, ɓera kuwa ba zai ce maka yana jin murya ba. Gado ma da ake magana, binciken 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin halitta da ke da hannu, kowanne da ɗan kasonsa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan ba ya kamuwa. Saboda haka a daina cewa gidan wane gidan hauka ne, ana hana 'ya'yansu aure.

Ci gaban da ya fi kusa da hannunmu shi ne allura. Tun shekarun 1960 akwai irin su Modecate, a yi wa mutum sau ɗaya ta ɗauke shi makonni. Yanzu akwai ta wata uku, a 2021 ma an amince da ta wata shida a Amurka, ko da yake waɗannan suna da tsada. Ga direban babbar mota ko mai fatauci tsakanin nan da Arewa, allurar wata ta fi ƙwayar kullum da za a manta a aljihun wata riga. Mafi yawan dawowar ciwon nan daga barin magani ne. Mutum ya samu sauƙi wata uku, sai wani ya ce ai ya warke, a bar ƙwayar Bature haka. Kowace dawowa kuma takan fi ta baya wuyar sauka.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku ake fara kawo wa waɗannan yara kafin kowa. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike a Ibadan da Kumasi ta Gana, aka buga shi a 2020. An haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikacin lafiya yana zuwa har inda majinyaci yake ya ba da magani, mai addu'a yana ci gaba da tasa. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Ba wanda ya ce a bar addu'a ko tofi. Roƙonmu shi ne in an kawo muku mai jin muryoyi, ku ce a kai shi asibiti a makon nan, domin likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon daɗewa ba magani, gwargwadon wuyar farfaɗowa. Sarƙa da bulala da hayaƙin barkono kuwa a bar su. Ko a doka ma, a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Iyaye, aure ba ya maganin wannan ciwo. Wanda ke kan magani ya natsu yana iya aure ya riƙe gida, mun ga masu yi, amma a gaya wa dangin yarinya gaskiya tun farko. Matasa kuma, wiwi tana tayar da ciwon ga mai shirin kamuwa, tana dawo da shi ga wanda ya lafa. Lokacin azumi a je a tambayi likita yadda za a mayar da shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, kada a ajiye shi wata guda. In mai shan kulozafin ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko mai shan kowane irin maganin nan ya yi zazzaɓi mai zafi jikinsa ya sandare, ko majinyaci ya fara zancen ya gaji da duniya, wannan ba a kwana da shi, asibiti a ranar.

Likitocin wannan fanni a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, amma mu na wannan yanki ba mu da nisa da su. Akwai Aro a Abeokuta, akwai Yaba a Ikko, akwai asibitin koyarwa na Ibadan. Na gabas suna da Inugu da Kalaba, akwai kuma na Binin. In ma ya zama dole a mai da mutum gida, a haɗa shi da takardar likita da maganin wata guda, a kuma nufi Kaduna, Kware, Maiduguri ko Dawanau da shi.

Abin da muke roƙon shugaba ya sa a gaban kwamiti abu biyu ne. A ware wani kaso daga kuɗin wata-wata don sayen maganin marasa galihu, a saya a kantin magani mai rajista da takardar likita, a duba lambar NAFDAC, kada a saya a faranti a tasha. Sannan a samu mutum biyu ko uku masu jin Yarbanci da Turanci waɗanda za su riƙa raka majinyata ranar ganin likita, domin mutum ba zai iya bayyana abin da muryoyi ke gaya masa da yaren da bai iya ba. Sakatare yana da takarda a hannunsa, mai niyya ya ba da sunansa kafin a tashi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.